Jirgin Bature a Sawakin: allura na cewa inji zai ƙone, shi kuwa ƙishi yake ji

Ni asalina ba mutumin ruwa ba ne, a Gadarif na tashi, a can na koyi kanikanci da rewaya a jikin taraktocin gonakin dawa da riɗi, Massey Ferguson ɗin nan masu injin Perkins da famfon CAV. Sai bayan na yi aure na koma Bur Sudan na fara taɓa injinan masu kamun kifi da na jiragen da ke kai masu ninƙaya Sanganeb da Sha'ab Rumi. Aikin da zan ba da labarinsa ya faru ne kafin yaƙin 2023, lokacin da duk ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Maris, ƙananan jiragen Turawa masu filafilai kan hawo Bahar Maliya daga kudu za su Masar, su yada zango a Sawakin su sayi ruwa da gas, wato jaz kamar yadda muke ce mai a nan.

Wakilin da ke yi musu takardu ne ya kira ni, ya ce akwai wani dattijon kawaja, wato Bature, da matarsa, kwanansu tara a tsaye, injinsu na zafi yana kuma mutuwa, har mutumin ya fara maganar a sauke injin gaba ɗaya a kai Bur Sudan a buɗe. Na ɗauki ɗan yayata da ke koyon aiki a wajena muka hau mota, tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka. Jirgin na tsaye ne gefen tsibirin tsohon gari, inda gidajen dutsen murjani suka zube, wajen da kakanninmu da suka taho a ƙafa daga ƙasar Hausa suka riƙa jiran jirgin Jidda. Duk zuwan da zan yi sai abin ya taɓa min zuciya, amma dai mu koma kan inji.

Ina ɗaga murfin ɗakin injin na yi dariya, Perkins 4.108 ne, silinda 4, lita 1.76, doki hamsin ko ƙasa kaɗan, ƙanin waɗanda na girma a kansu. Har ɗigon baƙin mai da aka san shi da shi ta baya yana nan.

Ga abin da mai jirgin ya faɗa, wakili na fassara min. Tun daga bakin Bab al-Mandab, mashigar Bahar Maliya ta kudu, abin ya fara. In yana tafiya a hankali lafiya lau, amma da ya ƙara totur ya kai juyi 2200 a minti sai allurar zafi ta fara hawa ta wuce 100 ta shiga ja, ta matsin baƙin mai kuma ta sauka ƙasa da bar 1, mitar juyi ta riƙa tsalle kamar mai bori. Bayan minti ashirin ko talatin sai injin kansa ya fara sanyi, wato ƙarfi ya ragu, kamar zai mutu. In ya rage totur sai allurai su dawo daidai, injin ma ya farfaɗo. Da dare abin ya fi muni. Sannan da safe wani lokaci kik ya juya da ƙyar, wani lokaci ƙas kawai za ka ji. Shi a lissafinsa injin na zafi ne, baƙin mai ya tsinke, fistin na neman kamawa, shi ya sa ƙarfi ke raguwa. Kuma wallahi duk wanda ya ji labarin a haka abin da zai ce kenan, komai ya zauna daram.

Kafin mu zo ya riga ya canja robar famfon ruwan teku, ya canja tamostat, ya wanke bututun da ke sanyaya ruwan inji, ya canja filtar gas sau biyu, ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Har sensar baƙin mai ya taɓa canjawa da wata da ya sayo a hanya, allurar ta koma tafiya a juye, ya tsorata ya mayar da tsohuwar. Wannan ba wani abin mamaki ba ne, sensa iri biyu ce ta fi yawa, ta Turai tsaurin da take yi wa wuta, wanda ake aunawa da om, yana tashi daga 10 zuwa wajen 180 in matsi ya ƙaru, ta Amurka kuma tana sauka daga 240 zuwa 33. Ka haɗa ta Amurka da mitar Turai, dole ta yi maka karatun baya.

Abu na farko da ya tsaya min a rai shi ne ƙararrawa. Na ce ya murza makulli kar ya tada inji, ta yi ƙara, wato tana da rai. Na tambaye shi, duk lokacin da allura ke cikin ja ƙararrawar nan ta taɓa kuka? Ya yi shiru, ya kalli matarsa, ta girgiza kai. Toh ita ƙararrawa ba ta bi ta hanyar mita, tana da nata makunnan daban a jikin inji, ɗaya na zafi ɗaya na mai. Shaidu biyu kenan a gida ɗaya suna faɗin magana daban, dole ɗaya ƙarya yake.

Muka tada inji muna ɗaure, muka sa giya muka ja igiyar anga da shi har ya yi ɗumi. Na kai juyi 2000, allurar zafi ta tafi 105. Na ɗauko bindigar auna zafi na haska kan gidan tamostat, 82. Na haska kan silinda ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fita daban. Ruwa na fita ta salansa bul bul yadda ya kamata, babu tururi. Na cire sensar mai na ɗaura mitar hannu ta bututu, wadda ba ruwanta da wuta, ta nuna bar 3 da ɗoriya, a injin da littafinsa ke neman tsakanin 2 da 4. Na ce wa wakili gaya masa injinsa bai taɓa yin zafi ba. Dattijon ya zauna a kan matakala ya riƙe kai, ban sani ba daɗi ya ji ko takaicin kuɗin da ya kashe.

A nan ne na yi kuskuren da ya cinye min yini guda, kuma zan faɗa dan yara masu koyo su ji. Na san irin wannan rawar ta allurai galibi wayar at ce, negatif, wadda Larabawa ke ce wa ardi. Na sa mitar hannu a kan om, na dangwala ɗaya a negatif ɗin batir ɗaya a jikin inji, ta yi ƙara tiiit, ta nuna kusan sifili. Na ce at lafiya. Na duba wayar da ido, kauri gare ta kamar babban yatsa, an shafe ta da fenti, tsaf. Sai na bar ta na shiga bin bayan allon mitoci, na kwance, na goge, na auna sensa cikin ruwan zafi a buta, har la'asar babu abin da ya canja. Muka kwana a gari.

Da safe muna shan jabana, wato gahawa, wajen wata mai shayi sai yaron ya ce, Kawu, jiya na lura da wani abu amma na ji nauyin faɗa. Na ce faɗi mana. Ya ce lokacin da matar ta kunna firij allurar zafi ta ƙara hawa, da ta kashe ta sauko kaɗan, kuma da na dafa wayar totur bayan kik ya yi ta fama na ji ta da ɗumi. Na aje finjalin. Me ya haɗa firij da zafin inji? Me zai ɗumama wayar totur, wadda ƙarfe ce kawai cikin kube, ba ta ɗaukar wuta? Sai dai in wuta ta rasa hanyarta tana bin ta barauniya.

Muka koma, na tada inji, na ce a kunna komai, firij, fitilu, na'urar tuƙi, duka. Na mayar da mita kan folt, ba om ba, ɗaya a kan negatif ɗin batir ɗaya a jikin inji, wuri ɗaya da jiya. Folt 0.9. Wajen da bai kamata ya wuce 0.2 ba. Na auna a bakin altaneta, 14.2, na auna a kan batir, 13.2. Mitar matse waya ta nuna amfiya 45 na fita. Yi lissafin da kanka, 0.9 a raba da 45, om 0.02 ne kacal. Wace mitar hannu ce za ta nuna maka 0.02? Wayoyinta ma sun fi haka. Ita mitar om ɗan ƙanƙanin wuta take turawa, ko silin waya ɗaya ya rage da rai za ta ce maka hanya a buɗe take. Kamar ka aika yaro a keke ya duba gada ya dawo ya ce lafiya lau, alhali tirela ce za ta bi.

Yadda abin ke rikita allurai kuwa, sai ka zauna ka zana shi kafin ya shiga kai. Sensar zafi waya ɗaya gare ta, ɗayan gefen nata jikin inji ne, ta zaren da aka ɗaura ta. In ruwa ya yi zafi tsaurinta na raguwa, wuta ta ƙara wucewa, allura ta hau. Su kuma mitocin da ke allo negatif ɗinsu a wannan jirgin daga wajen batir aka ɗauko. Muddin batir da jikin inji suna matsayi ɗaya babu rigima. Amma da altaneta ta fara tura amfiya 45, wutar dole ta dawo mata ta wannan ruɓaɓɓiyar waya, sai jikin inji ya faɗi ƙasa da negatif ɗin batir da kusan folt guda. Mita na ganin wuta ta ƙaru ta cikin sensa, ita ba ta san dalili ba, sai ta ce zafi ne. Sensar mai irin ta Turai kuma ƙarancin tsauri a wajenta ƙarancin matsi ne, dan haka wannan folt ɗin ɗaya shi ke tura allurar zafi sama yana jan ta mai ƙasa, daidai abubuwa biyun da suka fi tsorata mai inji. Ƙara totur, caji ya ƙaru, ƙarya ta ƙaru. Dare ya yi an kunna fitilu, ta sake ƙaruwa. Batir kuma kullum ba ya ƙoshi saboda altaneta na ganin ta kai 14.2 ta gama aikinta. Kik da ke jan amfiya 200 ko fiye yana asarar wajen folt 4 a wannan waje ɗaya, ragowar wutar ta bi wayar totur da ta giya tana neman hanyar gida.

Na ɗauko wayar jan batir ta mota na maƙala ɗaya a negatif ɗaya a kunnen ɗaga inji inda babu fenti. Dattijon na tsaye gaban allo, ya yi ihu. Allurar zafi ta zube daga 105 zuwa 80 da 'yan kai a cikin ƙiftawar ido, ta mai ta miƙe ta wuce 3. Na cire, suka koma. Na mayar, suka dawo. Sau huɗu ya sa na yi yana dariya kamar yaro.

Da muka kwance wayar, kan nata a kan wani ƙarfe mai fenti aka ɗaure shi kusa da giya, can ƙasa inda ruwan gindin jirgi ke fantsama. Noti ɗin na juyawa da yatsa. Na sa wuƙa na tsaga robar, sai wani gari kore da baƙi ya zubo min a tafin hannu kamar kuka, tagullar ta ruɓe ta shiga ciki fiye da taƙi guda, in ka lanƙwasa sai ka ji tana ƙaras ƙaras. Daga waje kuwa sai ka rantse sabuwa ce. Ruwan Bahar Maliya gishirinsa ya kai kashi 40 cikin dubu, sauran tekuna wajen 35, ga zafi, waya marar rufin kuza ba ta da ranar tsira a nan. Irin ta jirgi mai kuza ban samu ba, sai na sa aka kawo min wayar walda mai kaurin murabba'in milimita 50 daga Bur Sudan, na matse kawuna, na rufe da robar da ke tsukewa da wuta, na goge wajen ɗaurin har ƙarfe ya yi fari, a jikin injin kansa kusa da kik ba a kan wancan ƙarfen ba, na shafe da giris. Aka auna, ƙasa da 0.1 lokacin caji, 0.3 lokacin kik. Batir ya koma ganin 14.

Mitar juyi ita ba ta daina tsalle ba sai da na raba babban soket ɗin da ke haɗa wayoyin inji da na allo na tarar da ƙafafu biyu sun yi kore. Daga altaneta take karatu, ta wata 'yar waya, dan haka ko fambel ya yi sako-sako ƙarya za ta yi. Shi ma fambel ɗin ya yi sulɓi, na canja, na ja shi har ya zama santimita ɗaya yake lotsawa in ka danna.

Toh a nan dattijon ya ɗauko kuɗi zai sallame mu, ni kuma na ƙi karɓa, ba dan kirki ba, dan akwai abin da bai zauna min ba. Wannan inji in ya riga ya tashi ba ruwansa da wuta. Famfon gas ɗinsa na ƙarfe ne, ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki jikin inji ke buga shi, kashe shi ma da igiya ake ja. Ba shi da wani solinoyid ko famfon lantarki da zan ce wuta ta ƙwace masa. A Gadarif mun sha tura tarakta ta tashi ta yi noma yini guda babu batir a jikinta. Ta yaya ruɓaɓɓiyar waya za ta rage masa ƙarfi? Ko dai mitar juyi ce ta yaudare shi, ko kuma akwai cuta ta biyu. Na tambaya, lokacin da yake sanyin gudun jirgin na raguwa? Matar ta ce daga mil 6 a awa yana komawa 3 da rabi, kuma kunnenta na ji. Hayaƙi fa? Babu. Baƙin hayaƙi da na ce kaya ya yi masa yawa, ko farfela ta yi ƙaiƙayin ruwa ko salansa ta toshe. Inji ya yi sanyi babu hayaƙi, gas ne ba ya isa.

Washegari da sassafe muka fita ta mashigin nan mai tsawo da murjani dama da hagu, muka shiga fili. Iskar arewa ta riga ta tashi, jirgin na dukan igiyar ruwa, yarona ya koma gefe yana ta amai. Allurai tsit, 82 da bar 3, dattijon sai murna. Minti 25 cif sai na ji muryar injin ta canja, ta yi ƙasa, ta ɗago, ta sake ƙasa. Suka buɗe filafilin gaba da sauri dan kar iska ta kai mu kan dutse. Na buɗe murfin tanki ko bututun numfashinsa ne ya toshe, ba abin da ya canja. Na yanka ɗan tiyo mai haske na sa tsakanin filta ta farko da ƙaramin famfo, muka sake ba shi wuta, sai ga tiyon na tsukewa, kumfa na bi ciki jere kamar carbi. Yana zuƙa ne da ƙarfi abu bai zuwa, har yana jawo iska ta bakin roba. Na kawo jarka mai gas mai tsabta na jefa tiyon shiga da na dawowa a ciki, na fitar da iska ta kusoshin famfon CAV guda biyu da notocin nozul, aikin da in ba ka saba ba zai sa ka zagi wanda ya ƙera shi. Ya tashi, muka ba shi 2400 na kusan awa ɗaya bai ko yi tari ba. Inji lafiya, famfo lafiya, nozul lafiya. Tanki ne.

Da muka dawo muka zaro bututun da ke zuƙo gas daga cikin tanki, a ƙarshensa akwai 'yar rariya kamar kan yatsa da ba wanda ya san da ita, an lulluɓe ta da wani baƙin abu mai yauƙi kamar kuɓewa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa daidai inda ruwa da gas suka haɗu a gindin tanki, ruwan kuma daga raɓar cikin tanki yake ko daga jarkokin da aka yi ta saye tashar nan da waccan. In ruwa ya kwanta suna kwance. In jirgi ya fara tsalle kuma aka ƙara totur sai su taso rariya ta tsotse su ta toshe, a rage totur zuƙa ta ragu su saki. Shi ya sa filtocin da ya yi ta canjawa yake samunsu da dama-dama, dattin bai isa wajensu ba. Kuma shi ya sa cuta biyun ke zuwa tare su tafi tare, duka totur ke tada su, ba tare da ɗaya ta san da ɗaya ba.

Rariyar na cire ta gaba ɗaya. Wasu ba za su yarda da ni ba, amma ni gara dattin ya zo ya tsaya a filtar da hannu ke kaiwa a cikin minti biyar da ya tsaya a cikin tanki tsakiyar murjani. Muka zuƙe gas ɗin cikin jarkoki, na ƙasa wajen lita 3 ruwa ne da laka muka zubar, muka buɗe murfin duba tanki yaron ya zura hannu da tsumma har kafaɗa, sauran muka tace muka mayar. Kwana huɗu aikin ya ci har da yinin da na ɓatar, kuma ban caje shi kuɗin wannan yinin ba. Ɗigon baƙin man baya na bar masa abinsa, na ce ya riƙa sa kwali. Na sa ya sayi filta shida ya tafi da su, na koya wa matar yadda ake fitar da iska dan na ga hannunta ya fi nasa natsuwa.

Bayan kamar sati uku wakili ya turo min saƙonsu daga Masar, wai filta biyu suka canja a hanya, ta farkon bayan kwana biyu da tashi, ta fito baƙi ƙirin, allura kuwa ba ta sake wuce 85 ba. Guntun wayar nan da na tsaga tana rataye a ƙusa a shago, duk yaron da ya zo koyo sai na ba shi ita da mita a kan om na ce ya gaya min ko tana da kyau.